Mil Arba'in da Ɗaya na Lyman Pruitt

A garinmu Wendover babu wanda bai san Lyman Pruitt ba, ko da yake in ka tambaya me ya taɓa yi, sai a yi ta kallon juna. Shekara ashirin da takwas ya yi yana bi gida-gida yana karanta mitar ruwa. Da ya yi ritaya sai ya kama wani aikin da babu wanda ya ɗauke shi: ya zauna a teburin bakin taga a shagon abincin Verla, fanke da kofi a gabansa, yana koya wa duniya yadda ake gudu da babur.

Duk watan Agusta, idan filin gishirin da ke gefen garinmu ya bushe ya yi tauri, mutane na tahowa daga ko'ina da motoci da babura a auna gudunsu. Wanda ya fi kowa gudu a ajinsa, a rubuta sunansa a kundin ƙungiyar masu tsere. Wannan kundi shi ne ciwon zuciyar Lyman. Likitan haƙoran garin nan yana ciki. Wani mai gyaran firiji daga Ely yana ciki har sau biyu. Lyman kuwa, wanda a bakinsa shi ya koya musu duka, babu shi ko a bangon baya. Kowace shekara da dalilinta: bana gwiwa, bara iska, bara waccan gishirin ne bai kai matsayinsa ba.

Ran nan ya shigo shagon yana hura hanci, ya bugi tebur har kofin Orval ya yi tsalle. Orval Stucki yayan matarsa ne, tsohon bakanike, mutum mai tsadar magana.

"'Yan talabijin za su zo," in ji Lyman. "Shiri guda za su yi a kan tsofaffin babura. Na yi waya da shugabarsu da kanta. Bana zan shiga kundi, duniya na kallo."

"Da wace gwiwar?" in ji Verla tana ƙara masa kofi.

"Gwiwa ta warke. Da Geraldine zan shiga."

Geraldine babur ne na Ingila ƙirar 1947, mai silinda ɗaya, wanda LaDawn matar Lyman ta gada a wurin mahaifinsu. Orval ke kula da shi tun rasuwar tsohon, buga kik ɗaya yake tashi. Lyman ne ya raɗa masa sunan mace, kuma in ka ce "shi" sai ya ɓata rai, don haka mu ma muka bi shi muke cewa "ita".

Abin da bai faɗa a shagon ba shi ne dabarar ba tasa ba ce. LaDawn ce ta gaji da jin dalilai, ta zauna da kundin nan da tabarau a kan hanci tana bin sa layi-layi. Azuzuwan sun yi yawa, an rarraba su bisa shekarun babur da ƙirarsa da girman cikin injinsa, har wasu layukan babu sunan kowa. Ta tarar da guda da ya dace da Geraldine: ƙirar kafin 1950, injin da bai wuce si-si ɗari biyar ba. Ba wanda ya taɓa gwadawa. A irin wannan layi, ko wane gudu ka yi shi ne na ɗaya, muddin ka yi sau biyu ka kai ƙarshe.

"Ka hau, ka je, ka sake zuwa," ta ce masa a kicin, Orval na zaune. "Ko da gudun motar shara ne. Sunanka ya shiga, kunnuwanmu su huta."

"Yadda take ɗin nan tana yin mil sittin da biyar a awa," in ji Orval. "Kada ka taɓa ta."

"Sittin da biyar!" Lyman ya dafe ƙirji. "A gaban kyamara? Motar 'yan makaranta ma tana yin haka in direban yana jin fitsari. Ɗari zan yi."

"Lyman, ko goge ta kada ka yi da ƙarfi."

"Matsalarka, suruki, kai bakanike ne. Bakanike gyara yake yi. Ni ƙirƙira nake yi."

Washegari ya sayo injin huda ƙarfe. Ya ce nauyi ne babban abokin gaban gudu, don haka duk abin da idonsa ya faɗa a kai sai ya huda shi. Ya huda marfin sarka, ya huda wurin taka ƙafa, ya huda hannun birki. Ya ja baya ya duba aikinsa, ya ga wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujera yana zaune ba rami ko ɗaya, ya ce to kai ma ba ka fi kowa ba, ya huda shi. Tankin baƙin mai ne. Man ya malale gareji, kyanwar LaDawn ta bi ta ciki a tsanake, ta shiga falo, ta zagaya farar kujera sau biyu kafin ta zaɓi inda za ta kwanta.

"Wannan fa?" in ji LaDawn daga bakin ƙofa, kyanwar na reto a hannunta.

"Tsohon mai ne. Dama zubar da shi zan yi."

"A kan kujerata?"

"Ni na ce ta hau?"

Orval ya zo ya toshe ramin da walda, ya tafi.

Ranar Lahadi da safe Lyman ya yanke salansa da zarto ya bar guntu kamar tsawon hannu. Da ya buga kik, duk karnukan unguwar suka ɗauka. A cocin layin baya mai wa'azi ya tsaya a tsakiyar jimla, wasu tsofaffi biyu suka durƙusa suna zaton ranar alƙiyama ce ta zo. Wuta ta fito ta bakin guntun salansan ta lashi zanen gadon da LaDawn ta shanya. Maƙwabta suka fito bakin shinge da hannuwa a kunne.

"Kun ji murya?" Lyman ya ɗaga musu hannu. "Da can raɗa take yi. Yanzu ta fara magana!"

"Ce mata ta yi shiru!" wata mata ta yi ihu.

Sai ya koma kan kafireta. Ya samo wani tsohon littafi da aka rubuta wa mutanen bakin teku, ya karanta cewa ƙarin fetur shi ne ƙarin ƙarfi, ya ɗauki ƙusa ya faɗaɗa hanyar man. Alhali ko yaron goye a Wendover ya san a sama muke, iskarmu ba ta da kauri, rage mai ake yi ba ƙarawa ba. Orval ya faɗa masa haka.

"Kai in za ka yi aikin ƙarfi rage tuwo kake yi?" in ji Lyman. "Bar ta ta ƙoshi."

"Shaƙe ta za ka yi."

"Hassada dai ba ta yi maka kyau, Orval."

Babban aikin kuwa a ɓoye ya yi shi. Ya kulle gareji kwana uku, ya cire kan injin, ya ɗaura dutsen wasa ƙarfe a bakin injin hudar nan, ya yi ta ƙwaƙular cikin silinda har garin ƙarfe ya taru a ƙasa. Ya aika aka kawo masa fistin mai ƙiba ya cusa. Ya san doka ta yarda da ɗan ƙari kaɗan saboda tsufan ƙarfe, don haka ya ɗauko tef ɗin da suke auna labule da shi, ya ɗora a bakin silinda, ya rufe ido ɗaya, ya ga daidai. Ya mayar da komai ya ɗaure, ya yi wa kansa alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba sai a gaban kyamara, bayan an gama tafa masa.

'Yan talabijin suka iso ana saura kwana biyu. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai suna Tamsin Okerlund, mai murmushin da ba ya gajiya, da mai kyamara a bayanta. Lyman ya ce ba zai yi magana ba sai ya sa rigar fatarsa ta tsere mai haɗe da wando, wadda ya saya shekara talatin da suka wuce bai taɓa sawa ba. Rigar tana nan yadda take, Lyman ne ya ƙaru. LaDawn ta danna tumbin, Orval ya ja zif da filaya, suka samu suka rufe shi a ciki. Ya fito hannuwa a buɗe, ba ya iya sunkuyawa, yana numfashi rabi-rabi.

"Mista Pruitt, mene ne sirrinka?" Tamsin ta tambaya.

"Kunne, 'yar nan. Wasu na'ura suke sa wa injin. Ni saurara nake yi. In Geraldine ta yi tari na san abin da ta ci."

"Ko za ka tayar mana da ita?"

"Ki ja baya dai."

Ya buga kik, shiru. Ya sake, shiru. A na bakwai ya tara duk nauyinsa ya dira a kai, Geraldine kuwa ta mayar masa da bugun. Takalminsa ya fita ya tashi sama ya fasa fitilar 'yan talabijin, shi kuma ya tafi da baya ya zauna daram a cikin bokitin wanke kayan injin. Wandon fatar ya ce ɓarrr daga baya.

"Kin gani?" in ji shi daga cikin bokitin. "Ƙarfi ne ya yi mata yawa."

"Ka ɗauka?" Tamsin ta tambayi mai kyamara a hankali. Ya gyaɗa kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ranar da aka buɗe fili, rabin teburin Verla suka biyo su da kujerun ninkewa da laima. Gishiri fari fat har ƙarshen gani, rana na dukan mutum ta sama ta kuma dawo masa ta ƙasa. Kafin a bar kowa ya hau layi sai an duba abin hawansa, kuma mai duba tsofaffin babura ita ce Misis Bunderson, wata 'yar gajeriyar tsohuwa mai furfura da hular kaba, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa jin ta canza magana ba.

Ta zagaya Geraldine sau ɗaya. Ta sa yatsa a ramukan hannun birki.

"Ɓera ne ya ci wannan?"

"Ilimi ne, Misis Bunderson."

"A canza shi. Ina wayar ɗaure notuna?"

"Notunana ba sa kwancewa. Da hannuna na ɗaure su."

Ta kama ɗaya da yatsu biyu ta juya, ya faɗo a tafinta. Ta miƙa masa. "A ɗaure kowanne da waya. Juya in ga bayanka." Ya juya. Ta daɗe tana kallon ɗinkin da LaDawn ta yi wa wandon da zaren kamun kifi. "Zai riƙe. Injin ɗari biyar ne?"

"Yadda uwarta ta haife ta."

"To. Ka san in ka kafa tarihi buɗe shi za mu yi mu auna."

"Ki zo da abin awonki mafi kyau," in ji Lyman, ya kashe wa kyamara ido.

Awa uku Orval ya yi a durƙushe a kan gishiri yana ɗaure notuna da waya yana canza hannun birki, Lyman na tsaye a inuwa yana gaya wa Tamsin yadda ya horar da shi.

Da layi ya zo kansa, mutum huɗu suka tura shi har Geraldine ta kama. Ta yi wata irin ƙara, ta tofar da baƙin hayaƙin da ya rufe mai ba da tuta gaba ɗaya. Lyman ya kwanta a kan tanki iyakar yadda tumbi ya yarda, ya murɗe totur har ƙarshe. Geraldine ta yi tari, ta yi atishawa, ta ɗan yi gaba, ta sake tunani, ta ci gaba. A cikin hular kwano Lyman ihu yake yi, don a jikinsa ji yake duniya na tsagewa gida biyu. Daga wurin 'yan kallo kuwa abin da ake gani wani baƙin hayaƙi ne yana tafiya a natse a kan farin fili. Verla ta buɗe kwalbar lemo, ta sha, ta rufe, ta sake dubawa, yana nan bai ɓace ba.

Lasifika ta yi magana: "Lamba ɗari huɗu da goma sha biyu, Pruitt. Mil talatin da takwas da ɗigo biyu."

Wani daga baya ya tambaya da gaske, "A wace giya?" Nan fa dariya ta ɓarke.

Lasifika ta ci gaba: "Ajin babu kowa a cikinsa, don haka ya cancanci gudu na biyu gobe da safe."

Orval ya je da a-kori-kura ya ɗauko shi. Lyman ya sauko fuskarsa baƙa wuluk da hayaƙi, sai idanu da haƙora. Tamsin ta tare shi da makirfo.

"Mista Pruitt, ka ce ɗari."

"Dabara ce. Wa yake nuna wa abokan gaba duk abin da yake da shi a ranar farko?"

"Ai kai kaɗai ne a ajin."

"Kin ga ke nan dabarar ta yi aiki."

Dokar wurin ita ce duk abin hawan da ya cancanta a kai shi wani shinge a tsare har safiya, ana ba mai shi 'yan awoyi ya duba shi a gaban jami'ai. Orval ya cire filogi ya nuna wa Lyman, ya yi baƙi ya jiƙe sharkaf da fetur.

"Bari in mayar da kafiretar yadda take," in ji Orval. "Minti ashirin."

"Ba a nan matsalar take ba. Nauyi ne har yanzu."

"Nauyin da ya rage kai ne."

Lyman bai kula shi ba. Ya cire kujera gaba ɗaya, ya ɗaure tawul ɗin kicin a wurin da igiya. LaDawn ta ja yayanta gefe. "Ka bar shi," ta ce. "Mil ɗaya ne ya rage. Ya kai ƙarshe kawai, ko da rarrafe. Shekara talatin ke nan, Orval. Ina so in ga mutumin nan ya samu abu ɗaya da yake gaskiya." Orval ya dubi ƙanwarsa, ya juya baya, ya sa sabon filogi lokacin da Lyman ke yi wa wani baƙo bayanin iska.

Da sanyin safiya aka yi gudu na biyu. Sabon filogin ya taimaka, Geraldine ta tashi da ɗan kuzari. Kafin a kai rabin mil tawul ya zame ya tafi abinsa, Lyman ya koma zaune a kan tsirarar ƙarfe, kowane ɗan tudun gishiri yana isar masa da saƙo kai tsaye. Marfin sarkar da ya sha huda ya tsage ya yi nasa wuri. Guntun salansan ya bi shi. Duk da haka tsohuwar Geraldine ba ta mutu ba, ta ja shi da tari da hayaƙi har ta ƙetare fitilar awo, sannan ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

"Pruitt, mil arba'in da huɗu," in ji lasifika. "In an haɗa biyun an raba, arba'in da ɗaya da ɗigo ɗaya. Sabon tarihi, in awo ya tabbatar."

Mutanen teburin Verla suka tashi da tafi, kuma ba duka ne na shaƙiyanci ba. LaDawn ta cire tabarau tana goge ido. Aka dawo da Lyman a bayan a-kori-kura a tsaye, don zama ya gagare shi, yana ɗaga wa jama'a hannu biyu. A ransa ya riga ya ga layin nan da sunansa a kai, ya ga kansa yana buɗe shafin a gaban likitan haƙora. Daɗi ya cika shi har maƙogwaro.

A cikin shingen tsaro Misis Bunderson na jira da ɗan akwatinta. Jama'a suka kewaye igiya, mai kyamara ya matso. Orval ya kwance kan injin ya ɗaga. Ya leƙa cikin silinda. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya ɗago ya dubi Lyman da wani irin kallo, ya ajiye sifana a hankali.

Lyman bai lura ba, don ya riga ya kama makirfon Tamsin da hannunsa.

"Yanzu zan faɗa muku sirrin," ya ce. "Ko surukina bai sani ba. Kwana uku na kulle kaina da ita. Turawan da suka ƙera ta sun yi mata rowar ciki, ni kuwa na buɗe mata shi da hannuna. Ba na'ura, ba injiniya. Ido kawai da kunne."

"Lyman," in ji Orval.

"Bari in gama. Na sa mata fistin da ya kai gwangwanin wake..."

"Lyman, rufe bakinka."

Misis Bunderson ta zura abin awonta cikin silinda. Ta fitar ta duba. Ta goge shi da hankici, ta sake zurawa ta wani gefen, ta duba. Ta rubuta a takarda, ta yi lissafi da fensir, ta ja layi biyu.

"Da me ka auna wannan, Mista Pruitt?"

"Da tef."

"Wane irin tef?"

"Na gida."

"Na labule," in ji LaDawn, muryarta ta mutu. "Shi ya sa na gan shi da baƙin mai."

"Ɗari biyar da talatin da ɗaya," in ji Misis Bunderson. "Ko ta wani gefen ɗari biyar da talatin da huɗu, don ramin ba zagayayye ba ne. Ya wuce abin da doka ta yafe nesa ba kusa ba. Wannan babur ba na ajin ɗari biyar ba ne."

"To na wane aji ne?"

"Na sama da shi. Ɗari shida da hamsin."

Lyman ya yi ƙoƙarin murmushi. "To ai shi ke nan. A rubuta ni a can. Babban aji ma ya fi dacewa da ni."

"Can akwai mai shi. Mil ɗari da goma sha biyu, tun 1989."

"Wane ne wannan? Na tabbata na san shi. Wataƙila ma ni na..."

"Ni ce," in ji Misis Bunderson, ta rufe akwatinta.

Verla ce ta fara dariya. Ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta toshe baki da hular rana, abin ya fi ƙarfinta. Daga nan ya bazu har masu motocin da ke can gefe suka taho suna tambaya me ya faru, ana ba su labari, su ma suna kamawa. Wani ya zo da tawul ɗin kicin da ya tsinto a fili ya rataya a kan Geraldine.

Tamsin ta juya ga tsohuwar. "Misis Bunderson, da bai taɓa injin ba fa?"

"Da yanzu ina sa hannu a takardarsa. Ko mil goma ya yi."

Wannan maganar ta shiga Lyman fiye da dariyar. Ya tsaya da baƙar fuska da yagaggen wando yana kallon ramin da ya haƙa da hannunsa. Ya matsa kusa da Orval, ya yi ƙasa da murya yadda ba mu taɓa jin ya yi ba.

"Suruki. Ana iya mayar da ƙarfen?"

Orval ya goge hannu da tsumma. "Yana ina?"

"Na share shi. Na zuba a kwandon shara."

"Ranar Talata aka kwashe."

Lyman ya gyaɗa kai. Ya yi shiru na tsawon lokacin da a tarihin garinmu ba a taɓa auna masa irinsa ba, wataƙila daƙiƙa goma. Sannan ya gyara tsayuwa, ya tura ƙirji gaba har zif ya yi ƙara, ya juya inda kyamara take.

"Kun dai ji da kunnenku," ya ce da ƙarfi. "Jami'a ta tabbatar. Geraldine ta fi ƙarfin ajinta!"

Kyamarar ba ta wurin. Tana can ta bi Misis Bunderson, Tamsin na tambayarta yadda mil ɗari da goma sha biyu yake a jiki, jama'a duk sun koma bayansu. LaDawn kaɗai ta rage. Ta tattara kan injin da notuna da guntun salansa a cikin kwali, ta ɗora masa a hannu.

"Na babana ne," ta ce. "Riƙe da kyau, kada ka ƙara masa komai kafin mu kai mota."